Ɗakin ma makaɗi ne

Duk shekara, da zarar an fara haƙar citta kuɗi sun shiga hannun samari, sai ka ga manyan kwalaye suna sauka daga motocin Kaduna da na Jos a tashar Kafanchan. Wasu talabijin ne a ciki, amma akasari kayan kiɗa ne, uwar wufa guda da 'ya'yanta biyu ko biyar, abin da kuke kira hom-tiyata. Kirsimeti na ƙaratowa, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ga ɗaurin aure kusan kowace Asabar, kowa yana so a ji ɗakinsa tun daga bakin layi.

Bara ɗan ƙanwata ya bi sahu. Ya zo da babur ya ɗauke ni, wai sai na je na sa wa kayan albarka. Ɗakinsa irin na samarin yanzu ne: ƙafa sha biyu kowane ɓangare, ƙasa tayil, sama silin roba, bango ya sha fenti mai sheƙi, taga ba labule. Ya jera ƙananan lasifikun nan biyar reras a kan kantar talabijin kamar kwalaben turare, ya cusa wufa a lungu. Ya sa waƙar zumuntar mata da mahaifiyarsa ke so, ya murɗe murya. Gilashin taga ya kama rawa, silin ya kama zuza, tulun da matan ke bugawa ya haɗiye duk muryoyinsu.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kawu, ka ji aiki? Wat dubu biyar ne fa!"

Na ce, "Na ji. Me matan suke cewa?"

Ya kasa kunne, ya yi jim. "Ba ta fita sosai. Bari in ƙara."

"Kada ka ƙara, ɗana. Kashe shi. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya."

Ya tafa. Bayan tafin sai wani ɗan kuka ya biyo, zirrr, kamar an ja ƙusa a kan kwano. Na ce masa to wannan muryar ɗakinsa ce, kuma duk waƙar da ya sa sai ɗakin ya sa mata baki.

A nan nake so ku tsaya, ƙannena da 'ya'yana, domin nan ne mafi yawanku kuke asarar kuɗi. Sautin da ke shiga kunnenka a cikin ɗaki iri biyu ne. Akwai wanda ya taso daga bakin lasifika ya zo maka kai tsaye, akwai kuma wanda ya bugi bango ko tayil ko silin ya dawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda, don haka a ɗan ƙaramin ɗaki kafin ƙiftawar ido ya yi zirga-zirga tsakanin bango da bango sau da yawa. Abu mai tauri da santsi mayar da sauti yake yi, mai laushi da kauri kuwa shanye shi yake yi. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa mai jinka a ƙauyukan Zonkwa ko Kwoi ya san yadda magana ke fita tas a ciki, har raɗa ma ana jin ta. Ku kwatanta da sabon coci ko sabon masallaci da aka shafe da siminti ba a shimfiɗa komai ba tukuna: mai wa'azi yana magana, kalmar farko ba ta mutu ba ta biyu ta hau kanta.

Wannan matsala ta taɓa addabar Jami'ar Harvard a Amurka. A 1895 suka buɗe wani ɗakin lacca da ba a iya fahimtar malami a ciki, domin kalma takan yi sama da daƙiƙa biyar tana yawo kafin ta ɓace. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, alhakin gyarawa. Me ya yi? Da dare, bayan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa su kwaso kushin na kujeru daga wani zaure na kusa, su shimfiɗa, ya busa bututun sauti, ya riƙe agogo yana auna tsawon lokacin da sautin zai ɗauka kafin ya mutu. Su ƙara kushin, ya sake aunawa. Daga wannan ɗawainiya ta jidar matasai aka samu lissafin da masu gina manyan zauruka ke amfani da shi har yau, kuma da shawararsa aka gina zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Ina ba ku labarin ne don ku ga kayan aikinsa: kushin. Kuna da shi a gida.

Shimfiɗa darduma ko kafet mai kauri a tsakaninka da lasifikun, ko da tabarma ce a ruɓanya ta. Rataya labule mai nauyi, kuma ka bar shi da tattara, kada ka miƙe shi sumul. Kujerar kushin, katifa, kantar littattafai, kayan sawa da ke rataye, duk suna aiki. Na taɓa shiga ɗakin wani manomi a wajen Kachia da ya jibge buhunan citta a bango guda, ƙaramar rediyonsa tana magana kamar mai labarai yana zaune a gefen gado. Bai san dalili ba, ni ma ban ce komai ba, na dai yi murmushi. Amma kwalin ƙwai da nake gani wasunku suna liƙawa a bango, wai situdiyo, ɓata bango ne kawai. Ba shi da kaurin da zai shanye wani abin kirki, ga tara kyankyasai, ga saurin kama wuta.

Akwai kuma wata cutar da labule ba ya maganinta, ita ce ta bas. Kowane ɗaki yana da sautin da yake so, gwargwadon faɗinsa, kamar yadda babban tulu da ƙarami ba sa amsawa da murya ɗaya. Ɗaki mai ƙafa sha biyu, wato mita 3.66, yana kumbura sautin da ke kaɗawa kusan sau 47 a daƙiƙa, da ninkinsa. In kuma tsawo da faɗi ɗaya ne, kamar na ɗan ƙanwata, to bangaye huɗun duk sauti ɗaya suke goya wa baya, sai ka ji duk waƙar da aka sa bas ɗinta bum-bum ɗaya ne, ko ganga ce ko jita. Sa waƙa ka zaga ɗakin a hankali. A jikin bango bas ta yi yawa, a lungu ta wuce misali, a tsakiyar ɗaki wani sashenta ya ɓace. Saboda haka kada ka cusa wufa a lungu sai in ba ta da ƙarfi, kuma kada ka manna kujerarka da bango. Ga wata dabara da za ta sa ƙannenka dariya amma tana ci: ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, sa kiɗa, ka yi rarrafe gefen bangaye kana saurare. Inda ka ji kiɗan ya fito daidai, kowane bugu daban da ɗan'uwansa, nan ne mazaunin wufar.

Sai 'ya'yan. Ba don ado aka yi na hagu da na dama ba. Tun 1931 wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar raba sauti hagu da dama, don kunnuwa biyu su gane inda kowane makaɗi yake tsaye. Da ka haɗa su wuri guda ka kashe wannan hikima. Raba su, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowannensu zuwa kujerarka, kamar duwatsun murhu uku, kai ne dutse na uku. Ɗaga su daidai tsayin kunnenka in kana zaune, ka ɗan karkato fuskarsu gare ka, domin siririn sauti miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana kamar bas. Jawo su kaɗan daga bango, ko da taki ɗaya ne. In ka yi daidai za ka ji abin mamaki: muryar mawaƙi ta fito daga tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya.

In ba ta fito daga tsakiya ba, ta warwatse, bas kuma ta yi sanyi, duba waya. Kowace lasifika tana da ƙafa biyu, ja da baƙa. Ja ta tafi ja, baƙa ta tafi baƙa, a duka ɓangarorin. Da ka juya guda, sai ya zama wannan tana tura iska waje waccan tana ja ciki, kamar mutum biyu suna daka a turmi ɗaya amma kowa yana tare taɓaryar ɗan'uwansa. In alamar ta goge, ɗauko batirin tocila guda, mai bolt ɗaya da rabi, ka taɓa wayoyin a kansa na ɗan lokaci kana kallon babban bakin lasifikar. In ya turo waje, wayar da ke ɓangaren batirin mai alamar + ita ce ja. Kuma kada wani ya yaudare ka da waya mai tsada. Wayar tagulla ta gaske mai ɗan kauri, wadda aka fere aka ɗaure sosai, ta wadatar. Abin gudu shi ne siririyar nan kamar gashi da aka yi wa gami biyar da ledar burodi.

Ni a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi. Garin nan na Kafanchan jirgi ne ya raya shi, tun da layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi ya haɗe da na Kaduna a 1927, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Jirgi ya kawo mutane daga ko'ina, mutane suka kawo faifansu. A falon wani tsohon direba, maƙwabcinmu, akwai wani dogon akwatin katako mai rediyo da garmaho a haɗe, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Irin waɗannan akwatuna 'yan wat ƙalilan suke fitarwa. Amma in ya sa faifan Ɗan Maraya Jos, kana jin kuntigin nan tsirkiya ɗaya kamar ka miƙa hannu ka taɓa, in kuma Shata ne a rediyon Kaduna, kalangu yana magana kana gane abin da yake faɗa. Ba na cewa kayan da sun fi na yanzu, ba su fi ba. Cikin lasifikar ma bai sauya sosai ba tun da Rice da Kellogg suka fito da ita a Amurka a 1925: maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da mazubin takarda mai tura iska. Abin da akwatin nan ya fi naku da shi nauyi ne, da falo mai kushin da labule, da mai gida da bai taɓa ƙure murya ba.

Nauyin akwati ba wasa ba ne. Takardar lasifika in ta tura iska gaba, ta baya ja take yi, kuma in babu shamaki tsakanin gaba da baya sai su cinye juna, bas ta mutu. Aikin akwati ke nan. Wanda zai kai wa kafinta aiki ya nemi katako mai kauri, a sa gam a kowace gaɓa, a toshe duk wata kafa, a sa maƙala a ciki don kada allunan su yi rawa, a shimfiɗa auduga ko tsohon bargo a bangon ciki. Ƙwanƙwasa akwatin da ɗan yatsa. In ya amsa kamar ganga, shi ma zai shiga waƙar ba a gayyace shi ba. In ya ce ƙib kamar kututture, an yi aiki. Ramin iska da ake hudawa a jikin akwati kuwa ba ƙawa ba ce, faɗinsa da zurfinsa lissafi ne da ya danganta da lasifikar da girman akwatin. In ba wanda ya iya lissafin, a rufe akwatin ruf ya fi.

Yanzu ga wat dubu biyar. Na sa yaron ya juya na'urar muka karanta 'yar takardar da ke bayanta, inda aka rubuta wutar da take ci. Ba ta kai ɗari ba. Na tambaye shi yadda saniyar da ta sha ruwa kwano ɗaya za ta ba da nono tulu hamsin. Dutsen guga kansa kusan wat dubu yake ci, ƙaramin janaretan da ke ɗauke da kayan nan da fanka da ƙwan fitila ma bai kai dubu ba. Wancan babban adadi na jikin kwali, mai haruffan PMPO a gefensa, ƙarya ce mai lasisi. Wanda ake ɗan dogara da shi shi ne mai RMS. Shi ɗin ma kada ya ruɗe ka. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, ɗan abin da kunne zai lura da shi. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Don haka barin mai wat hamsin a sayi mai tamanin, kuɗi ne aka ba ɗan kasuwa sadaka.

Ƙure murya kuwa shi ne ajalin lasifika. Amfilifaya in aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa yanke kan sauti, ya fito a tsage, kuma wannan tsagaggen sauti shi ke gasa naɗin wayar da ke ciki, ƙaramar lasifikar siririn sauti ce ke fara mutuwa. Mai gyaran rediyo a kasuwa zai naɗa maka sabo, amma da wuya ta koma yadda take. Da ka ji muryar mawaƙi ta fara kaushi, ka riga ka wuce gona da iri, rage. Haka maɓallan bas da tirebul: mayar da su tsakiya, ka saurara kwana biyu kafin ka taɓa. In wani sashe ya yi yawa, rage shi, maimakon ka ƙara sauran su kamo shi. Masu ɗaura lasifika huɗu ko shida a bakin amfilifaya ɗaya su ma su ji: biyu masu om 8 in aka haɗa su baki ɗaya sun koma om 4, huɗu sun koma 2, na'urar ta yi ta zafi har ta ƙone.

Wani abin da ba ku cika kula da shi ba shi ne ita waƙar kanta. An ɗauko ta daga bidiyo, an matse, an tura ta WhatsApp, wani ya tura wa wani ta Xender, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya zuba ta a memori. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mai kyau 320 ne, na gama-gari 128, wasu na yawo a wayoyi ma ba su kai haka ba. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa, kuma lasifika mai kyau tona asirin mummunan fayil take yi. Kunu in an tsinka shi da ruwa, ko a kwanon zinariya aka zuba tsararo ne. Nemi waƙar daga inda mai ita ya sa ta, ka zaɓi mai nauyi. In kana sauraro a zaune, gwada haɗawa da waya maimakon Bluetooth, ka bar kunnenka ya yi hukunci.

Sauran 'yan abubuwa ne da kun sani amma kuna sakaci. In an ɗauke wuta a cire soket, domin dawowarta ce ke kisa, kuma kada a bar kayan a kunne lokacin tayar da janareta ko lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa. Wannan gurnani, huuum, da ake ji ko ba a sa waƙa ba, kaɗawar wutar gida ce mai sau 50 a daƙiƙa ta samu hanyar shiga: raba wayar sauti da ta wuta, sauya cajar banza da ke jikin waya. Ƙasarmu kuma ta haɗa biyu, ƙurar hunturu da damina mai tsawo. Ƙura na shiga maɓallin murya ya riƙa ƙarar-ƙarar, laima na ruɓar da soson da ke zagaye da bakin lasifika ta kumbura katakon garin itace. A rufe da zane in ba a amfani, a ɗaga daga ƙasa. Ɓera ma yana son ramin wufa, na taɓa ciro sheƙa guda da 'ya'ya a ciki.

Na bar kunne a ƙarshe don shi ne ba ya da shago. A can cikinsa akwai 'yan ƙananan gasu masu karɓar sauti, wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Yaro lafiyayye yana jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, na saman suna raguwa da shekaru, ƙara kuma tana gaggauta tafiyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako. Ba ka da na'urar awo, amma kana da ma'auni: in sai ka yi ihu kafin wanda ke nisan hannu da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. In ka kwanta kunne yana maka kuka, ya yi rauni ke nan a ranar. Ni na hagu ya tafi da rabi tun ina saurayi, wajen tsayuwa gaban manyan akwatuna a gidajen biki, kuma shi ya sa nake juya kai in kuna mini magana, ba raini ba ne.

Bas kuma ba ta san katanga ba. Kai kana jin waƙa, na bayan bango dum-dum kawai yake ji a ƙirjinsa. A garin da gida ɗaya kan haɗa mai tashi sallar asuba da mai sammakon coci, da ɗalibar kwalejin Gidan Waya mai jarrabawa, da tsohuwa mai hawan jini, da jariri, ba sai an kai ƙara wajen mai unguwa za ka san lokacin ragewa ba. Ɗora wufa a kan roba ko kafet mai ninki, ka raba ta da bangon da ya haɗa ka da maƙwabci, rabin faɗan ya mutu.

Mun yi kusan awa biyu a ɗakin ɗan ƙanwata. Muka aro darduma daga falon mahaifiyarsa, muka rataya bargo a taga, muka cusa takarda inda silin ke zuza. Ya yi rarrafen nan yana gunaguni, ƙannensa suna leƙe suna ƙyalƙyala dariya, wufar ta samu wuri kusa da ƙofa. Waya guda a juye take, muka gyara. Ya sake sa waƙar, murya ba ta kai rabi ba. Tulu ya koma bayan mata inda ya kamata ya tsaya, kacau-kacau ya ɓullo daga hagu, shi kuwa ya rantse bai taɓa sanin akwai shi a waƙar ba.

Ƙanwata ta zo karɓar dardumarta, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta saurara har baitin ya ƙare.

Ta ce, "Yaya, ashe haka suke cewa a wurin nan? Shekara uku ina rera shi ba daidai ba."

Ta koma madafa ba ta ɗauki dardumar ba.